ƘWAYAR DA TAKE CIN ƘWAYAR CUTA: YADDA AKE KAMO TA DA YADDA AKE SANIN DANGINTA

'Yan'uwa manoma, damina takan zo mana da albarka, takan kuma zo da ciwon ciki. Da an yi ruwa biyu ko uku masu ƙarfi, sai ambaliya ta kwashi ƙazantar bayan gari da ta turken dabbobi, ta zuba a kududdufi da rafi da rijiyar da ba ta da baki. Ba a daɗewa sai a ji amai da gudawa ya ɓulla a gari kaza. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970. A 1971 ta kama mutum fiye da 22,000, ta kashe kusan 3,000. A 2021 kuma an ba da labarin mutum fiye da 111,000 da suka kamu, fiye da 3,600 suka rasu. Yawancinsu mutanen karkara ne irinmu, kuma cutar takan zo daidai lokacin da ake bukatar kowane hannu a gona.

To, a cikin wannan gurɓataccen ruwa akwai wata halitta da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinta ba. Ba ta kama mutum, ba ta kama dabba, ba ta kama shuka. Abincinta ƙwayar cuta ne. A wannan fitowa za mu yi bayanin ko mece ce ita, da yadda masana suke kamo ta daga ƙazamin ruwa, da yadda suke auna halinta su kuma san danginta, da dalilin da ya sa wannan aiki ya shafe mu.

Bakteriya daban, bairos daban

Mu kan ce "ƙwayar cuta" ga kowane ƙaramin abu da ido ba ya gani. Amma akwai iri biyu da ya kamata mu rarrabe.

Na fari ita ce bakteriya. Halitta ce mai ci, mai girma, mai rabuwa biyu ta zama biyu, biyun su zama huɗu. Ita ce take kawo kwalara da taifod da tarin fuka. Ba dukansu ne miyagu ba. Waɗansu ne suke mai da madara nono, waɗansu kuma suna zaune a saiwar gyaɗa da wake suna ƙara wa ƙasa taki. Akwai wata da take zaune a hanjin mutum da na dabba, sunanta Escherichia coli. In an jera 500 daga cikinsu, kai da wutsiya, sai su kai milimita ɗaya, watau ɗaya daga cikin ƙananan zanen nan na rula.

Na biyu shi ne bairos. Ya fi bakteriya ƙanƙanta ƙwarai. Ba ya ci, ba ya girma, ba ya iya haihuwa shi kaɗai. Dole sai ya shiga jikin wani mai rai ya sa shi ya ƙera masa 'ya'ya. Kyanda da shan inna da ciwon bushiya na shanu duk bairos ne yake kawo su.

Wanda muke magana a kansa bairos ne da ba ya shiga jikin kowa sai na bakteriya. Sunansa bakteriyofej, ma'anarsa "maciyin bakteriya". A taƙaice akan ce fej. Wani sanannen fej mai suna T4, sai an jera wajen 5,000 kafin su kai milimita ɗaya. Masana sun ƙiyasta yawan fej a duniya ya kai lamba 1 da sifiri 31 a bayanta. Ba wata halitta da ta fi shi yawa. Duk inda bakteriya suka taru, a nan yake taruwa, shi ya sa ruwan kwata da ruwan masai da kududdufin bayan gari suka zama wuraren farautarsa.

Yadda aka gano shi

A 1896 wani masani ɗan Ingila mai suna Ernest Hankin, wanda yake aiki a Indiya, ya ba da labari cewa ruwan kogin Ganges da na Jamuna yana kashe ƙwayar kwalara ko da an tace shi, amma in an tafasa shi wannan ƙarfi yakan tafi. Masana sun yi saɓani a kan ko fej ne ya gani. A 1915 Frederick Twort a Landan ya ga wani abu yana narkar da bakteriyar da ya shuka a faranti. A 1917 Félix d'Hérelle, a Cibiyar Pasteur ta Paris, ya buga bayanin abin da ya samu a bayan gidan masu fama da atuni. Ya lura cewa wannan abu yakan yawaita sa'ad da mai ciwo ya fara samun sauƙi. Shi ne ya raɗa masa suna bakteriyofej.

Zai yi wa masu kiwo daɗi su ji cewa kaji suna cikin waɗanda aka fara yi wa magani da shi. A 1919 d'Hérelle ya gwada shi a kan taifod na kaji a ƙauyukan Faransa. A 1923 aka kafa cibiyar bincike a birnin Tibilisi na ƙasar Jojiya, wadda take ɗauke da sunan George Eliava, ta kuma ci gaba da yin magani da fej cikin dukan shekarun da suka biyo baya. A ƙasashen Yamma kuwa, da aka sami fenisilin da 'yan'uwansa a shekarun 1940, sai aka jingine fej. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, likitocin farko ba su san ainihin abin da yake cikin kwalbarsu ba. Yau ya yi aiki, gobe ya ƙi, gama sau da yawa fej ɗin da suka ba mai ciwo ba na ƙwayar da take damunsa ba ne. Rashin sanin iri ne ya ɓata aikin. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Fej mai kisa da fej mai kwanciya

Yawancin fej suna da kai da wutsiya. A cikin kan akwai wani zare mai tsawo a naɗe, wanda masana suke kira DNA. A jikin zaren nan ne aka rubuta dukan gadon halitta, da haruffa huɗu kaɗai da suke ta maimaituwa. A ƙarshen wutsiya akwai 'yan ƙafafu. Da su yake laluben fatar bakteriya. In ya sami wurin da ya dace da ƙafafunsa, kamar yadda ɗan makulli yake dacewa da kwaɗonsa, sai ya manne, ya huda, ya tura zaren ciki. Kwanson yakan tsaya a waje.

Daga nan hanya ta rabu biyu.

Fej mai kisa yakan ƙwace ikon bakteriyar nan take. Sai ta bar aikinta, ta shiga ƙera kawuna da wutsiyoyi da sabon zare. In an gama, sai cikinta ya fashe, 'ya'yan su watsu. T4 yakan gama wannan cikin wajen minti 30, a ɗumi irin na jikin mutum, ya fito da 'ya'ya 100 ko fiye. Bari mu yi lissafi. Ɗaya ya zama 100 cikin rabin awa, 100 su zama 10,000 cikin awa ɗaya, 10,000 su zama miliyan ɗaya cikin awa ɗaya da rabi, muddin akwai bakteriyar da za su ci. In ta ƙare, su ma haihuwa ta tsaya.

Fej mai kwanciya kuwa ba ya gaggawar kisa. Yakan ɗinke zarensa a cikin zaren bakteriyar, ya yi shiru. Duk sa'ad da ta rabu biyu, 'ya'yanta sukan gāje shi. Kamar kauci yake a kan itace, ya zama ɗan gida. Haɗarin a nan shi ne, wani lokaci yakan zo da muguwar tsaraba. A 1951 aka gano cewa ƙwayar mashaƙo ba ta iya yin dafinta sai in wani fej mai kwanciya ya shige ta. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos a Amurka suka nuna cewa haka abin yake ga kwalara. Dafin da yake sa mutum ya zubar da ruwan jikinsa, wani siririn fej ne mai kama da zare yake kawo wa bakteriyar rubutun yin sa.

Ashe ba kowane fej ne aboki ba. Wani yana kashe ƙwayar kwalara, wani kuwa shi ne ya ba ta makami. Saboda haka ba a isa a ce an sami fej a tsaya nan ba. Dole a san wane ne shi.

Yadda ake kamo shi daga ruwa

Aikin bai da wuyar fahimta. Ga matakansa:

1. A ɗebo ruwa daga kwata ko kududdufi ko inda asibiti yake zubar da ruwansa, a kai ɗakin gwaje-gwaje cikin sanyi.

2. A juya shi a na'ura da ƙarfi har laka ta kwanta, sa'an nan a tace shi da matata mai ƙananan ƙofofi, kowace wajen kashi 1 cikin 4,500 na milimita. Bakteriya ba ta iya wucewa, fej yakan wuce.

3. A zuba wa tataccen ruwan irin bakteriyar da ake nema wa maƙiyi, tare da romon da take ci, a bar su su kwana a wuri mai ɗumi. In akwai fej ɗinta a ciki, kafin safiya ya yi yawa.

4. A sake tacewa, a gauraya kaɗan da sabuwar bakteriya, a shimfiɗa a faranti mai abinci daskararre kamar kamu. Kashegari bakteriya za ta rufe farantin kamar yadda ciyawa take rufe fadama. Amma za a ga waɗansu ƙananan ramuka garau a warwatse. Kowane rami wurin da fej ɗaya ya faɗa ne, shi da zuriyarsa suka cinye abin da yake kewaye da su.

5. A ɗauko daga rami ɗaya tak, a sake shukawa a sabon faranti, a yi haka sau uku ko fiye, har dukan ramuka su zama iri ɗaya. Wannan daidai yake da abin da muke yi sa'ad da muke zaɓen zangarniya ɗaya mai kyau mu ware ta domin iri.

Da ramukan nan ne ake ƙidaya. A ce an surka ruwan fej har sau miliyan ɗaya, aka ɗebi kashi 1 cikin 10 na mililita aka shimfiɗa, aka sami rami 40. Ke nan a mililita ɗaya na ruwan asali akwai fej miliyan 400.

Tambayoyin da ake yi wa sabon fej

Mutum ba ya sayen sa domin huɗa sai ya dubi haƙoransa da ƙafafunsa, ya tambayi inda ya fito. Haka masana suke yi wa sabon fej tambayoyi biyar.

Ta fari, wa yake ci? Akan shuka bakteriya iri iri a farantai, a ɗiga masa a kan kowace, a ga inda ya yi rami. Yawancin fej masu tsananin zaɓe ne. Wani ba ya cin kome sai jinsi ɗaya, wani ma sai reshe ɗaya na jinsin. Mun san irin wannan a gona. Ƙudujin da yake kama dawa da gero da masara ba shi ne yake kama wake ba, na wake daban ne. Wannan zaɓe yana da amfani, gama fej ba ya taɓa bakteriyoyin kirki na hanji yadda maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin cuta yake yi. Amma yana nufin dole a san ƙwayar da take damun mai ciwo kafin a zaɓi fej.

Ta biyu, yaya kamanninsa? Madubin likita na kullum ba ya nuna shi. Sai a 1940 aka fara ganinsa a Jamus, da babban madubi mai aiki da ilektiron. Akan auna girman kai da tsawon wutsiya. Daga cikin fej fiye da 5,000 da aka duba da irin wannan madubi zuwa 2007, wajen kashi 96 cikin 100 masu wutsiya ne.

Ta uku, yaya saurinsa? Akan haɗa shi da bakteriya, a riƙa ɗiba ana ƙidaya bayan kowane 'yan mintoci. Da haka ake sanin tsawon lokacin da yake yi a ciki kafin ya fasa, da yawan 'ya'yan da suke fitowa. Emory Ellis da Max Delbrück ne suka tsara wannan gwaji a 1939, ana kuma amfani da shi har yanzu.

Ta huɗu, me yake iya jurewa? Akan gwada shi da zafi da sanyi da tsami da gishiri da hasken rana. Wanda za a sha dole ya jure tsamin ciki. Wanda za a fesa a ganye dole a san yadda rana take kashe shi. Wanda za a kai ƙauyen da ba firiji dole ya iya zama cikin zafi.

Ta biyar, wadda ta fi duka, me aka rubuta a zarensa? Akan karanta haruffan duka daga fari har ƙarshe. T4 yana da wajen 169,000. Wani ƙarami mai suna MS2 yana da 3,569 kaɗai, shi ne kuma halitta ta fari da aka karanta dukan zaren gadonta, a 1976, a ƙasar Beljiyam. A cikin rubutun akan nemi abu uku: ko yana da kayan kwanciya, ko yana ɗauke da rubutun dafi, ko yana ɗauke da rubutun da yake sa bakteriya ta ƙi jin magani. In an sami ɗaya daga cikin ukun, ba za a ba mutum ko dabba shi haka nan ba.

Yadda ake rarraba su dangi dangi

Akwai kwamitin duniya da aka kafa a Mosko a 1966 domin tsara sunayen bairos, wanda aka sani da ICTV. Da fari an rarraba fej bisa ga siffa. A 1967 David Bradley ya kasa su gida shida. Masu wutsiya suka zama manyan dangi uku: masu doguwar wutsiya mai tsukewa kamar sirinji, masu doguwar wutsiya mai lanƙwasa wadda ba ta tsukewa, da masu gajeruwar wutsiya. An yi shekaru da yawa ana koyar da haka.

Amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ce. Ku ɗauka wani baƙo ya zo kasuwar shanu ya ce duk farar saniya Bunaji ce. Makiyayi zai yi masa dariya, gama Bokoloji ma tana da fari, amma jininta daban. Da karatun zare ya yi sauƙi ya kuma yi araha, sai aka ga fej biyu masu wutsiya iri ɗaya suna iya zama bare ga juna, ba abin da ya haɗa su sai siffa. Saboda haka a 2022 kwamitin ya tabbatar da soke waɗannan dangi uku. Aka tara dukan masu wutsiya a babban rukuni ɗaya mai suna Caudoviricetes, aka shiga rarraba su bisa ga abin da zarensu ya nuna.

Ga ma'aunin da ake bi. In fej biyu sun yi daidai da juna a kashi 95 cikin 100 na haruffansu ko fiye, jinsi ɗaya ne. In sun yi daidai a kashi 70 ko fiye, gida ɗaya ne amma jinsi daban. In ba su kai haka ba, sabon gida ke nan, sai a duba sauran alamu a san zuriyarsu ta nesa. Kowane jinsi kuma yana da suna biyu, na gida da na kansa. T4 ya zama Tequatrovirus T4, a cikin dangin Straboviridae.

Wani zai ce, mene ne amfanin duk wannan wahala a kan suna? Masu noman rogo suna da amsa. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro ya shigo Afirka yana lalata rogo. An je neman maƙiyinsa a nahiyar Amurka, amma da fari aka bi wani ƙwaro mai kama da shi wanda ba shi ba ne, maƙiyan da aka samo kuwa ba su yi aiki ba. Sai da aka rarrabe su, aka sami ainihin ƙwaron a Paraguwai a 1981, sa'an nan aka samo ɗan mitsitsin zanzaron da yake kashe shi. Cibiyar IITA ta Ibadan ta sake shi a gonaki, rogo ya farfaɗo. Sanin iri ne ya ceci rogon. In an san gidan da sabon fej ya fito, an san rabin halinsa tun kafin a gwada shi.

Misali daga Bangaladash

A Dakka, babban birnin Bangaladash, akwai cibiyar bincike da asibitin masu gudawa da aka sani da icddr,b. Kwalara takan tashi a can kowace shekara, ta yi ƙarfi, sa'an nan ta lafa. A 2005 Shah Faruque da abokan aikinsa suka buga sakamakon shekara uku da suka yi suna auna ruwan birnin. Sun ga cewa sa'ad da fej masu cin ƙwayar kwalara suka yi ƙaranci a ruwa, masu ciwo sukan yawaita. Sa'ad da fej suka yi yawa, annoba takan fara sauka. Yanayin ruwan sama da ƙarfin jikin waɗanda suka riga suka kamu su ma suna da hannu, amma an ga fej yana cikin abubuwan da suke karya ƙarfin annoba.

A 2011 masu bincike na Jami'ar Tufts ta Amurka tare da na Dakka suka bayyana fej uku masu kisa da suka samo daga bayan gidan masu kwalara. Suka kira su ICP1 da ICP2 da ICP3. ICP1 yana da wutsiya mai tsukewa da haruffa wajen 125,000, yana kuma manne wa wata alama da take fatar ƙwayar da take kawo annoba. Sauran biyun gajeruwar wutsiya gare su, ICP2 kuma ta wata ƙofa daban yake shiga. Wannan bayani ya yi amfani, gama bakteriya takan sāke fatarta domin ta tsere wa fej. In an haɗa mata masu shiga ta ƙofofi daban daban, da wuya ta rufe duka gaba ɗaya. A 2017 aka nuna cewa haɗin ukun nan ya kāre jariran ɓeraye da na zomaye daga kwalara in an ba su kafin su kamu. Ku lura, a kan dabbobi aka yi wannan gwaji.

Abin da ya sa ya shafe mu

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna rasa ƙarfinsu. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani, yankin da abin ya fi tsanani kuwa shi ne Afirka ta Yamma. Wannan ne ya sa aka koma ga fej. A 2016 likitoci a Jami'ar Yale ta Amurka suka yi wa wani dattijo magani da fej da aka samo daga wani tafki, bayan magunguna sun kāsa warkar da ciwon da yake ƙirjinsa.

A gona ma haka ne. A 2005 hukumar kāre muhalli ta Amurka ta yarda a sayar da maganin feshi na fej domin ɗigon ganye da bakteriya take sa wa tumatir da barkono. A ƙasar Sifen an samo fej daga ruwan kogi masu kashe ƙwayar da take sa tumatir da dankalin Turawa su yi yaushi su mutu a tsaye. Masu noman rani sun san wannan asara.

Fej kuma ɗan rahoto ne. In an sami masu cin Escherichia coli da yawa a rijiya, alama ce bayan gida yana shiga ruwan. Tarayyar Turai ta sa wannan awo a dokarta ta ruwan sha ta 2020.

Abin da ya kamata mu yi

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe ruwan kududdufi magani ne. Sam! A ruwan da fej yake, a nan kwalara take, da taifod, da bairos na shawara da na shan inna, waɗanda fej ba ya taɓawa. Fej na magani sai an tace shi, an ware shi, an karanta zarensa, an wanke shi daga dafin bakteriyar da aka yi kiwonsa a ciki. In wani ya zo kasuwa da kwalba yana cewa fej ne, kada ku saya. Riga-kafi ya fi magani:

1. A tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin bisa ga umarnin ma'aikacin lafiya, a ajiye shi a randa mai murfi, da moɗa ɗaya mai tsabta.

2. A gina wa rijiya baki da murfi. A haƙa masai nesa da ita, aƙalla mita 30, ta wajen gangare.

3. A wanke hannu da sabulu bayan an je bayan gida, da kafin a taɓa abinci.

4. In gudawa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ci gaba da ba shi ana kan hanyar asibiti. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i kaɗan.

5. Kada mu riƙa zuba wa kaji kafso a ruwa ba tare da shawarar malamin dabbobi ba, kada kuma mu saye shi barkatai domin kanmu. Yin haka ne yake koya wa bakteriya ƙin jin magani.

6. In ma'aikatan lafiya sun zo ɗiban ruwan kwata ko na rijiya domin gwaji, mu ba su haɗin kai. Tun 2011 aka fara irin wannan awo a Kano domin neman ƙwayar shan inna.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan ga waɗanda ba su iya karatu ba, sa'an nan a tattauna waɗannan:

1. Rijiyoyi nawa ne a ƙauyenmu ba su da baki ko murfi, nawa ne kuma kuɗin siminti da zai gyara su kafin ruwa ya sauka?

2. Akwai masai ko turken dabbobi da yake bisa da rijiya, ko kusa da ita fiye da mita 30?

3. Gidaje nawa ne suka iya haɗa ruwan gishiri da sukari daidai, wa kuma zai koya wa sauran?

4. Sau nawa muka ba kajinmu kafso a bana, wa kuma ya ba mu shawarar?